A Takarda Sito Ne

Ranar da Hazwan ya shigo da fayil ɗin gidan, rungumo shi ya yi da hannu biyu kamar sabon jariri. Da ya dire shi a teburin cin abinci, sai da kofunan shayi suka yi tsalle. Mahaifinsa, Pak Derus, ya dafe ƙirji ya ja kujerarsa baya.

"Kai, Wan! Wannan na gida ɗaya ne, ko na garin Ipoh ne duka?"

"Namu ne mu kaɗai, Ayah. Shafi ɗari biyu da sha huɗu. Kowace taga da shafinta, kowace ƙofa da hotonta."

"To, masha Allah. Ni da na shekara saba'in da biyu a duniya, duk takarduna ba su cika aljihun riga ba."

Nurin, matar Hazwan, ta tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe ta, mijin yana bubbuga mata baya shi ma yana dariya.

Haka gidan yake a watannin nan, kowa kamar an ɗura masa wani abu. Hazwan mai zanen gine-gine ne a wani ofishi a cikin gari. Shekara tara yana zana gidajen mutane, wannan ne na farko da ya zana wa kansa. Abin da ya rage kawai hukumar gari ta turo a duba, a tabbatar gidan ba ya ɓarnar wuta, iska kuma tana ratsa kowane ɗaki yadda doka ta ce. In ya ci, za a ba shi shaida mai taurari biyar, ogansa kuma ya riga ya yi masa alkawarin kujerar shugaban sashe. Don haka babu hirar da ake yi a gidan sai ta taurari. Ko kifi Nurin ta soya, sai Pak Derus ya ɗanɗana ya ɗaga yatsu ya ce, "Uku da rabi. Gishiri ne ya kayar da ke."

Shi aka ba riƙon tef ɗin awo. Shekara talatin ya yi yana kwandasta a bas ɗin Ipoh zuwa Taiping, muryar nan kuwa ba ta yi ritaya tare da shi ba. Hazwan yana rubutawa, shi yana shelantawa kamar a tasha.

"Taga ta bakwai! Mita ɗaya da ashirin! A matsa ciki, akwai wuri!"

In an zo ɗaukar hoto, shi ke riƙe farin allon da aka rubuta sunan ɗaki da kwanan wata, ya gyara hula ya washe baki, ko da yake Hazwan ya sha gaya masa hannunsa kawai ake bukata. Ba a yi sati biyu ba maƙwabta suka laƙaba masa Injiniya. Yana amsawa kuwa da ƙarfinsa.

A zanen gidan, akwai ɗaki a ƙasa mai babbar taga da ke kallon dutse, an rubuta masa "ɗakin kwana na uku". Nan ne ɗakin Pak Derus. Kwana tara ya yi a ciki. A rana ta goma Nurin ta shigo kawo masa shayi da safe, ta tsaya cak a tsakiyar ɗakin tana juya hannunta a cikin hasken da ke shigowa.

"Abang! Abang, zo ka gani!" ta ƙwala wa mijinta kira, don haka take kiransa.

Nurin gyale da ɗankwali take sayarwa ta waya. Kullum da hantsi takan kafa wayar a gabanta, ta riƙa yafa su ɗaya bayan ɗaya mutane suna kallo kai tsaye suna saye. Ta ce tun da ta fara sana'ar ba ta taɓa ganin hasken da ke fito da launi irin wannan ba.

"Ayah, don Allah na kwana biyu ne kawai," in ji ta, tana langaɓe kai. "Kafin in samu fitilu masu kyau. Ka ga sito ma ya fi kusa da banɗaki, ba sai ka yi ta dogon zagaye ba."

"An ƙara mini girma ke nan," Pak Derus ya ce. "Daga Injiniya zuwa Manajan Sito!"

Da kansa ya ɗauki katifarsa a ka, yana tafe yana rangaji, su biyun suna tafa masa.

Siton yana bayan kicin, ƙarƙashin matakala. Taku huɗu ne tsawonsa, faɗinsa uku. Ba shi da taga ko ɗaya. Ƙofarsa irin ta sauran gidan ce, mai roba a gefe, in ta rufe ko zare ba ya wucewa. Bangonsa ɗaya ya haɗa da banɗaki, kullum a jiƙe yake kamar goshin mai zazzaɓi.

Kwana biyun suka zama sati uku. Fitilu suka zo, amma Nurin ta ce ba su kama ƙafar hasken taga ba. Wata safiya suna karyawa, Pak Derus ya ɗan gyara murya.

"Wan, ɗan rami fa? Ba sai taga sosai ba. Kamar girman faranti. Yadda in na yi atishawa za ta samu hanyar fita."

Hazwan ya ajiye cokali, ya jawo fayil, fuskarsa tana annuri don an taɓo inda ya fi ƙwarewa.

"Ayah, duba nan. Wannan bangon yamma ne. Rana tana dukansa tun azahar. In muka huda shi, zafi zai shigo, lissafin duka ya rushe, tauraro ɗaya ya faɗi. Sannan in muka rubuta ɗakin kwana ne, doka ta ce sai taga ta kai kashi ɗaya cikin goma na faɗin ƙasan ɗakin. Ka gane? Shi ya sa a takarda sito ne. Sito kuwa ba ya bukatar taga."

"Kai, boko! Ashe takarda ce ke numfashi."

"Ayah ke nan! Bari shaida ta fito. Ranar da ta fito, ranar zan kira mai fasa bango."

Pak Derus ya gwada barin ƙofar a buɗe. Nurin ta roƙe shi da girman Allah ya riƙa rufewa, wai warin man zafin da yake shafawa yana shiga abinci, kuma ƙawayenta in sun zo sukan leƙa. Aka saya masa 'yar fanka. Fankar ta riƙa ɗebo iskar da ya fitar tana mayar masa da ita.

Abin ya fara da nauyin kai. Yakan tashi da safe kamar an ɗaura masa buhun shinkafa a goshi. Sai jiri ya biyo baya. In ya fito daga siton, falon yakan karkata gefe ɗaya, ya dafa bango yana ƙyalƙyata dariyar da shi kansa bai san dalilinta ba.

"Jama'a, a riƙe ni! Na bugu ban sha komai ba! Ga ni ɗan aljanna da tafiyar 'yan giya!"

Wata rana ya yi wannan tangaɗin ya faɗo ɗakin Nurin tana tsakiyar ciniki. Masu kallo suka haukace. Saƙonni suka riƙa zubowa: wane ne wannan tsohon, a dawo da shi, a yafa masa mai ruwan hoda. Aka yafa masa. Ya yi fari da ido, ya juya kamar amarya, jirin gaske ya ɗebe shi ya zube a kan kwalaye, gyalen ya ƙare kaf kafin ya tashi. Daga ranar ya zama Tok Jiri, wato Kaka Jiri. Kullum da hantsi Nurin takan ƙwanƙwasa masa.

"Ayah, fito haka nan, kar ka wanke fuska! Yanzu ne jirin ya fi kyau!"

Tari ya zo daga baya, busasshe da farko, sannan mai nauyi daga can ƙasan ƙirji. Baƙin tabo ya fito a bangon banɗaki, ya yi ta yaɗuwa har ya kai saitin matashinsa. Hularsa ta salla ta yi fumfuna. Ya nuna wa Nurin, ta ce ai damina ce, ko'ina haka yake. Ya yi tari a gaban Hazwan har idonsa ya kawo ruwa, Hazwan ya ce hayaƙin bas ne na shekara talatin yake fitowa yanzu, alamar ƙirji yana wankuwa ke nan.

"Allah ya sa," in ji Pak Derus. "In duka zai fito, a gaya wa maƙwabta su rufe shanya."

Ranar dubawa, gidan ya tashi kamar ana biki. Tun bayan sallar asuba aka naɗe katifar aka cusa a but ɗin mota. Nurin ta shafe baƙin tabon da farin fenti, ta fesa turare. Aka cika siton da kwalaye, tsintsiya, bokiti da tsohuwar keke. Can ɗaki mai taga kuma aka kwashe gyale da fitilu zuwa sama, aka sauko da gado, aka shimfiɗa zanin gado sabo fil. Aka ajiye sallayarsa, carbinsa, da hoton marigayiya matarsa a kan durowa.

"Ayah, kwanta mu gani," in ji Hazwan. "Ka ɗan yamutsa zanin, ya yi kama da ana kwana."

Pak Derus ya kwanta. Iska ta taso daga wajen dutse, ta ɗaga labule, ta shafi fuskarsa. Ya buɗe baki zai yi barkwanci, sai barci ya riga shi. Rabonsa da barci irin wannan tun watanni biyu. Sai da Nurin ta girgiza ƙafarsa.

"Ayah, ta iso! Amma ka iya wasan nan, har da minshari!"

Mai dubawar wata 'yar siririyar mata ce mai furfura, Puan Malar, da tabarau a rataye a wuya da wata 'yar na'ura a hannu. Ba ta da yawan magana. Ta auna tagogi, ta leƙa rufi, ta ɗora takarda a bakin bututun da ke zuƙe hayaƙin kicin ta ga ta manne. Duk inda ta gyaɗa kai, sai Hazwan ya waiwayo ya ƙifta wa matarsa ido, Pak Derus kuma ya ɗaga yatsa a ɓoye: tauraro ɗaya, biyu, uku.

Da ta buɗe siton, sai ta tsaya. Ta shaƙa. Ta taɓa bango, fenti ya biyo yatsanta. Ta dubi na'urarta, ta sake duba. Sannan ta ɗaga kai sama. A silin akwai 'yar koriyar kibiya da Pak Derus ya manna da hannunsa, mai nuna alƙibla. Duk rawar kan da aka yi da safe, babu wanda ya dubi sama.

"Encik Hazwan," ta ce a hankali, "tsintsiya ma tana salla a gidan nan?"

Hazwan ya ɗaga kai ya ga kibiyar. Gumi ya tsattsafo a saman leɓensa. Pak Derus ya ga fuskar ɗansa ta koma irin ta ranar da ya faɗi jarrabawa yana ɗan shekara goma, sai ya yi wuf ya shiga tsakani.

"Puan, gidan nan har bokiti ya musulunta! Keken nan ma da kike gani, bana muke sa ran za ta Makka."

Nurin ta saki wata irin dariya mai ƙara, Hazwan ya bi ta. Puan Malar ta yi ɗan murmushi, ta ce a kawo mata takardar gilasan sama, da kuma ruwan sha in ba damuwa. Suka ruga, ɗaya sama ɗaya kicin. Ta juyo ta dubi tsohon.

"Pak Cik, ina kake kwana?" ta tambaya, tana kiransa da sunan girmamawar da ake kiran dattawa.

"Ai kin ga ɗakina. Mai kallon dutse. Kamar otal."

"Tarin nan fa?"

"Tsohon kaya ne. Daga tasha na taho da shi."

"Pak Cik, saurare ni. Ni abin da na gani da abin da aka gaya mini nake rubutawa. Kwali na gani a nan. Amma in ka ce mini mutum yana kwana a ɗakin nan, ba zan sa hannu ba sai an buɗe masa taga. Kalma ɗaya ce."

Ya ji takun Hazwan a matakala, bibbiyu yake haɗawa, ƙarar tana sauka daidai kansu. Ya tuna yadda yaron ya rungumo fayil ɗin nan.

"Haba Puan," ya ce, yana washe baki. "Wane ɗa ne zai sa ubansa a sito?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta sa tabarau, ta ce, "Shi ke nan," ta rubuta.

Motarta tana shan kwana aka fara ihu. Hazwan ya ɗaga matarsa sama yana juyi da ita, ya sumbaci hannun mahaifinsa sau uku. "Ayah, kai ne gwarzo! Bokiti ya musulunta! Wallahi na ɗauka mun mutu!" Aka sayo durian guda huɗu, ƙaton ɗan itacen nan mai ƙayoyi a ɓawo, aka fasa a tsakar gida, aka yi ta maimaita labarin keke mai zuwa Makka har cikinsu ya ƙulle. Kafin la'asar, gado ya koma sama, gyale ya sauko, katifa ta fito daga but ta koma mazauninta.

Shaida ta fito bayan sati uku, taurari biyar cif. Aka kafa allon tagulla a jikin get.

"Wan, mai fasa bangon fa? Ko ya ɓata hanya ne in je tasha in taro shi?"

"Ayah, oga zai riƙa kawo kwastomomi su ga gidan. Bari su gama zuwa."

Da suka gama zuwa: "Duk gyaran da za a yi sai an sake shigar da takardu, Ayah. Aiki ne ja."

Bayan wannan: "Bari a yi walima tukuna, kar ƙura ta ɓata fenti."

Ranar da tarin ya fito da ɗan jini, Hazwan ya kai shi asibitin unguwa. Likitar ta saurari ƙirjinsa, ta ɓata fuska, ta tambaya ko ɗakin da yake kwana yana samun iska, ko akwai danshi. Pak Derus ya ja numfashi zai amsa, Hazwan ya riga ya zaro waya yana nuna mata hoton allon tagulla.

"Likita, gidanmu taurari biyar ne. Ni na zana. An auna iskar kowane ɗaki."

"Kai, madalla! Pak Cik, ka yi sa'ar ɗa." Ta rubuta maganin tari, ta karɓi lambar Hazwan, wai ita ma tana shirin gini.

Walima ta faɗo ranar Asabar. Aka kafa rumfuna biyu a titi, tukwanen shinkafa da rendang, naman da ake dafawa da yaji da madarar kwakwa, suna ta turiri a kicin, baƙi sun fi ɗari. Pak Derus ya sa sabuwar riga ruwan toka, yana tarbar mutane a get yana nuna musu taurari ɗaya bayan ɗaya kamar jikokinsa. Amma da tarin ya turnuƙe shi a gaban matar oga, har ta janye farantinta, Nurin ta kama hannunsa da lallashi.

"Ayah, ka gaji. Je ka ɗan kwanta, in an zo addu'a zan kira ka."

Ta raka shi sito, ta ja ƙofar, ya ji ta jingina wani abu a jikinta ta waje don kar baƙi masu zagaya gida su buɗe.

Ƙarfe biyu ne na rana. Murhu huɗu suna ci a bayan bango ɗaya, rana tana dukan ɗayan. Ya kwanta, silin ya fara juyawa. Ya zauna, ya ƙara gudu. Ya ja numfashi, ya ji kamar ta cikin jiƙaƙƙen tawul yake ja. Daga nesa lasifika ta ɗauka, ogan Hazwan ya fara jawabi: gida mai numfashi, gidan gobe, abin koyi ga matasa. Sai dariya ta kama Pak Derus. Ya yi ta yi har hawaye, yana tari yana dariya. Ya tashi ya sa kafaɗa ya ture ƙofar, kwalin da aka jingina ya kife. Masu girki ba su ko waiwayo ba.

Ta ƙofar baya ya fita. Gidan da ke maƙwabtaka ba a gama gininsa ba, leburori sun tafi cin walima sun bar kayan aiki a ƙasa. Ya ɗauki guduma. Ya dawo da ita a kafaɗa, yana tafe yana tangaɗi yana gaisawa da masu wanke-wanke, ya shige siton.

Bulon gidan irin mara nauyin nan ne da Hazwan ke alfahari da shi, mai hana zafi shiga. Bugun farko ya tsage. A na uku oga ya yi shiru a tsakiyar jimla. A na shida haske ya faɗo ɗakin, iska ta biyo shi da ƙamshin ciyawa da na shinkafa.

Baƙi suka zagayo gefen gida da farantai a hannu. Suka tarar da rami kamar girman tire, da kan tsoho a ciki, fari fat da ƙura, hula a karkace.

"Assalamu alaikum!" in ji kan. "Ku ci gaba da cin abinci, jama'a. Iska na leƙo sha, yanzu zan koma."

Yara suka fashe da dariya, wasu manya ma suka taya su. Amma da ya janye kansa don ya yi tari, na gaba-gaba suka hango abin da ke ciki: katifa a ƙasa, sallaya, kwalaben magani, da baƙin tabon da ya huda fenti ya dawo har ya kusa silin. Dariyar ta mutu. Oga ya dubi Hazwan. Hazwan ya dubi takalminsa.

Nurin ce ta fara samun bakin magana. Ta share ido da gefen gyale.

"Ku yi haƙuri. Mun so mu ɓoye ne saboda mutuncinsa. Ayah ya fara rikicewa. Ga ɗakinsa can mai kyau, amma kullum sai ya ja katifa ya shige sito. Mun yi, mun yi, ya ƙi."

Wani irin numfashin sauƙi ya ratsa taron. Allah sarki, tsufa. Ai kakata ma haka ta yi, a banɗaki take ɓuya. Dama jirin nan da yake yi a waya, na ce ba lafiya ba. Sannu Hazwan, Allah ya ba da lada, riƙon tsoho sai mai haƙuri. Matar oga ta rungume Nurin. Aka koma rumfa, aka yi addu'a, aka ƙara shinkafa.

Pak Derus ya ji komai ta ramin. Bai musa ba. Ya jawo bokiti ya kife, ya zauna a kai, ya ɗora haɓarsa a bakin ramin ya lumshe ido. Har baƙi suka watse yana nan.

Mai gyaran bango, wanda aka yi wata biyar ana nema, ya iso washegari ƙarfe takwas na safe. Kafin azahar ya toshe ramin ya shafe, ba ka ce an taɓa ba. Ranar Alhamis aka kai Pak Derus wani gidan kula da tsofaffi a hanyar Batu Gajah.

Hazwan ya ce, "Don lafiyarka ne, Ayah. Akwai ma'aikatan jinya, ga abokan hira. Ka ga yanzu in ka sake ɗaukar guduma, wa ya san abin da zai faru?"

Su shida ne a ɗaki, gadaje a jere, tagogi a buɗe ta kowane gefe. Cikin wata ɗaya jirin ya tafi. Cikin biyu tarin ya ragu har ya daina tashin maƙwabcinsa. Ma'aikatan suka rasa gane rikicewar da aka rubuta a takardarsa, don shi ke tuna musu lokacin maganin kowa.

Da ƙaramar salla Hazwan ya zo ya ɗauke shi ya yini a gida. Sabuwar mota, sabuwar kujera a ofis, Nurin da ciki wata biyar, kowa sai walwala. Aka ci, aka sha, Pak Derus ya ba naman taurari huɗu. Can ya tashi ɗebo ruwa a kicin, sai ya ga haske yana malalowa a ƙasa daga inda bai taɓa ganin haske ba.

Ƙofar siton a buɗe take. A bangon yamma ga taga, ta gaske, mai gilashi da ragar sauro da 'yar rumfa ta waje. A samanta wata fanka tana zuƙe iska tana fitarwa. An kankare bangon banɗaki an yi masa sabon shafe. Kantoci tun daga ƙasa har sama, gyale a jere launi-launi, gefunansu suna ɗan motsi.

"Ka ga gyaranmu, Ayah?" Nurin ta ce daga bayansa, muryarta fal murna. "Bayan ka tafi na zuba kaya a nan. Sati biyu kacal, wallahi, fumfuna ta cinye mini gyale talatin! Na ce Abang, ba zai yiwu ba, kayan nan suna bukatar iska."

"Taurarin fa?" ya tambaya, bai juyo ba.

Hazwan ya iso yana sakace. "Ai ashe ba wani abu ba ne, Ayah. Fom ɗaya ne, shafi biyu. Da rumfar nan a waje lissafin ko motsi bai yi ba. Kwana huɗu aka amince."

Suka tsaya suna jiran abin da zai ce, bakinsu a shirye da dariya. Pak Derus ya daɗe yana kallon gyalen. Sannan ya cika kofinsa ya koma falo.

Lokacin neman gafara ya yi, kamar yadda ake yi kowace salla. Aka zaunar da shi a babbar kujera. Nurin ta kafa waya. Hazwan ya durƙusa, ya kama hannun mahaifinsa ya kai goshi, ya jero kalmomin da kowane ɗa ke jerowa a ranar: a yafe masa na fili da na ɓoye, abin da ya ci da abin da ya sha.

"Na yafe," in ji Pak Derus.

"Kash, Ayah, ba ka yi murmushi ba! Mutanenka suna ta tambayar Tok Jiri. A sake."

Aka sake. Ya yi murmushi, ya ce ya yafe. Sannan ya ce a mayar da shi kafin la'asar, akwai wanda yake taya cin abinci.

A hanya Hazwan ya yi ta zuba: ɗakin jariri, gidaje uku da aka ba shi ya zana, duk masu neman taurari. Pak Derus ya lalubi maɓallin da ke jikin ƙofa ya danna. Gilashi ya sauka har ƙasa. Iskar titi ta faɗo motar, mai zafi, mai ƙura, da warin kwalta da hayaƙin manyan motoci.

"Ayah, rufe mana. Sanyi yana fita."

Tsohon ya cire hularsa ya ɗora a cinya, ya jingina kansa a bakin tagar. Hazwan ya sake faɗa, ya ƙara faɗa. Har suka isa Batu Gajah bai rufe ba.